Yadda Ake Gano Ma'anar Kalmar Turanci a Rubutun Ilimin Gadon Halitta

Ranar wata Asabar a tsakiyar hunturun bara, lokacin da sanyin Jos ke hana mutum fitar da hannu daga aljihu, ɗiyar yayata ta yi sallama a gidana da ke Unguwar Rogo. Tana karatun ilimin halittu a jami'a, an kuma ba ta wata maƙala ta Turanci kan gadon halitta, ta karanta ta yi bayaninta a gaban aji. Bayan mun gaisa ta shimfiɗa takardun a gabana ta ce, "Kawu, babu kalma ɗaya a jimlar nan da ban sani ba, amma jimlar ta ƙi shiga kaina." Na ce mata, "Zauna, 'yata, ai kin riga kin gano inda ciwon yake."

Na yi shekaru ina mayar da takardun wayar da kai kan lafiya daga Turanci zuwa Hausa, kuma na ga cewa dogayen kalmomi masu ban tsoro ba su cika kayar da mai karatu ba. Wanda ya ci karo da "heterozygous" ya san bai sani ba, dole ya tsaya ya bincika. Ƙananan kalmomin da muka sani tun muna firamare su ne rijiyar da aka rufe bakinta da ciyawa. Kana ganinsu ka wuce da saurinka, alhali masana sun ɗauke su sun ɗora musu wani kaya daban.

Wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ba baƙonsa ba ne wannan. Malam zai ce maka salla a lugga addu'a ce, amma a isɗilahi ibada ce mai farawa da kabbara ta ƙare da sallama. Kalma ɗaya, fuska biyu. Masu ilimin gado ma suna da nasu isɗilahin, kuma aikinka shi ne ka gane da wace fuskar kalmar ta fito a gabanka.

Ba zan kawo jimlar da ta dami ɗiyata ba. Na ƙera wata mai kama da ita domin mu riƙa komawa gare ta:

"HBB expression was reduced in carriers of the novel variant, although the difference was not significant."

Idan ka bi ta da kamus na yau da kullum, ko ka zuba ta a manhajar fassara ta waya, za ka iya fitowa da maganar yanayin fuska, da 'yan dako, da littafin ƙagaggen labari, da abin da ba shi da muhimmanci. Ko ɗaya daga ciki ba shi marubucin yake nufi ba. A wannan rubutu zan riƙa cewa ƙwayar gado a madadin "gene", in ce sel idan ina nufin ƙananan ɗakunan da jiki ya ginu da su.

Mataki na farko: zargi kalmar da ka sani

Ɗauki alƙalami ka karanta sakin layin gaba ɗaya ba tare da tsayawa ba. A karatu na biyu ka ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ka saba da ita amma ta zauna a wurin da ba ka saba ganinta ba. Alamar ita ce ka ji jimlar ta ɗan karkace. Me ya kawo "library" cikin kwalbar gwaji? Wane harshe ake juyawa da ake ta maganar "translation"? To a nan ta farko tarin gutsattsarin DNA ne da aka tanada domin bincike, ta biyu kuwa aikin da sel ke yi ne na haɗa furotin bisa umarnin da ke rubuce a RNA, wato kwafin da sel ke yi daga DNA. Haka "fitness" ba ƙarfin jiki ba ne, yawan zuriyar da halitta ta bari ne. "Culture" ba al'ada ba ce, rainon sel ko ƙwayoyin cuta ne a ɗakin gwaji. A jimlarmu kalmomi huɗu ne suka cancanci zargi: "expression", "carriers", "novel" da "significant". Kada ka yi gaggawar fassara su tukuna, ka dai riƙe su.

Mataki na biyu: wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, kuma yaushe

Koma saman takardar ka dubi sunan mujallar, da sashen da marubutan ke aiki, da shekarar bugawa. Minti ɗaya ne, amma yana rage maka rabin wahala. Je ka Vom, inda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924. Likitan dabbobi a can idan ya ce "vector" yana nufin kaska ko ƙudan tsando da ke yaɗa cuta. Abokin aikinsa da ke sarrafa DNA a wani ɗakin, idan ya faɗi wannan kalma, yana nufin ɗan zoben DNA ko ƙwayar bairos da ake ɗora wa ƙwayar gado ta shigar da ita cikin sel. Duka biyun ɗaukar kaya suke yi, amma kama da wane ba ta wane.

Mu a Najeriya muna da wani tarko namu na gida. A bakinmu jinotayif yana nufin gwajin da ake yi kafin aure: AA, AS, SS, ko AC da SC. A rubutun kimiyya kalmar ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Wilhelm Johannsen, masanin tsirrai ɗan ƙasar Denmak wanda ya ƙirƙiro kalmar "gene" a 1909, shi ne ya kawo ta domin bambanta abin da halitta ta gada da abin da ya bayyana a jikinta. Don haka masara tana da jinotayif, akuya tana da shi, kuma masu binciken noma sukan kira kowane irin shuka da suke gwadawa a gona da wannan suna. Na taɓa ganin ɗalibi ya rikice da ya karanta cewa an gwada jinotayif 20 na wake, yana tambaya ko wake ma yana sikila.

Shekara ma tana da nata tasiri. Tsofaffin takardu sukan ce "mutation" idan canji a DNA yana jawo cuta, su ce "polymorphism" idan ya yaɗu cikin jama'a kuma ana ganin ba ya cutarwa. A 2015 ƙungiyar masana gadon halitta ta fannin likitanci a Amurka ta ba da shawarar a haɗa su duka a kira su "variant", sannan a bayyana matsayinsu hawa biyar: mai jawo cuta, mai yiwuwar jawo cuta, wanda ba a tantance ba, mai yiwuwar rashin illa, da marar illa. Saboda haka kalmar "variant" a jimlarmu ba ta ce cuta ba, ba ta ce lafiya ba. Bambanci kawai ta ce.

Mataki na uku: a wane hawa ake magana

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan na fi daɗewa da ɗiyata. Ka ɗauki halitta kamar bene mai hawa shida. A ƙasa akwai DNA, doguwar rubutacciyar sarƙa mai haruffa huɗu kacal, A da C da G da T, kimanin biliyan 3 a zubi ɗaya na ɗan Adam, a naɗe cikin kuromosom 46 da suka zo biyu-biyu, 23 daga uwa 23 daga uba. A cikinta akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000 masu ba da umarnin haɗa furotin. Hawa na biyu RNA ne, kwafin wucin gadi da sel ke yi na sashen da yake buƙata. Na uku furotin, wanda shi ne ma'aikacin. Na huɗu sel, na biyar jikin mutum ɗungurungum, na shida al'umma. Kowace kalmar da ka ja wa layi, tambaye ta: ke a wane hawa kike zaune?

"Expression" tana zaune a kan matakalar da ke tsakanin hawa na ɗaya da na uku. Ma'anarta ƙwayar gado ta tashi aiki, ana kwafarta zuwa RNA, ana haɗa furotin daga gare ta. Kusan kowane sel a jikinka yana ɗauke da ƙwayar gado ta HBB, mai ba da umarnin haɗa wani sashe na himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, har na fata da na ƙwaƙwalwa, amma sai a sel ɗin da za su zama jajayen ƙwayoyin jini take aiki. To idan aka ce aikinta ya ragu, ba a ce ta ɓace ba, ba a kuma ce fuskar wani ta canza ba. Tana nan, abin da take samarwa ne ya yi ƙasa.

Bari mu ɗauki sikila, tunda babu gidan da bai san wani mai fama da ita ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne, wato ya gaji zubin A na HBB daga ɗaya cikin iyayensa, zubin S na sikila daga ɗayan. A hawa na ɗaya abin da ya faru ƙarami ne ƙwarai: a cikin HBB da ke kan kuromosom na 11, harafi ɗaya ya sauya, GAG ta koma GTG. A hawa na uku wannan ya sa amino asid, wato tubalin ginin furotin, mai suna balin ya maye gurbin gulutamik asid a wuri na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, abin da Vernon Ingram ya gano a Ingila a tsakanin 1956 da 1957. A hawa na huɗu jan ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan iskar oksijin ta yi ƙaranci. A hawa na biyar yaro yana kwana yana kuka da ciwon ƙashi. A hawa na shida kuwa, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954, mai AS yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi ya sa zubin S ya yawaita a ƙasashenmu.

Yanzu ga abin da nake son ka lura da shi. Littafi zai ce maka sikila "recessive" ce, wani kuma ya ce A da S "codominant" ne, sai ka ɗauka ɗayansu ya yi kuskure. Babu wanda ya yi. Mai maganar farko yana tsaye a hawa na biyar: cutar ba ta bayyana sai an gaji S daga uwa da uba duka. Na biyun yana hawa na uku: idan aka gwada jinin mai AS, himogulobin A da S duka suna fitowa, babu wanda ya ɓoye wani. Da ka tambayi hawa, saɓanin ya warware da kansa.

Kalmar "dominant" ita ce ta fi kowace jawo kuskure a wurinmu, domin mukan fassara ta da mai ƙarfi, ko mai rinjaye a yawa, ko ma wadda ta fi kyau. Gregor Mendel, limamin coci da ya yi gwajinsa da wani nau'in wake a garin Brno na ƙasar Cek ta yanzu, ya kuma buga sakamakonsa a 1866, abu ɗaya yake nufi: idan zubi biyu daban suka haɗu a jiki ɗaya, wanne ne siffarsa ke bayyana? Wanda ya bayyana shi ne "dominant", wanda ya koma baya ya yi shiru shi ne "recessive". Ya yi kama da yadda ɗa namiji yake katange ɗan'uwan mamaci a rabon gado. Ɗan'uwan bai daina zama ɗan'uwa ba, kuma ranar da babu mai katange shi zai fito ya ci gado. Haka iyaye biyu baƙaƙe sukan haifi zabiya, domin kowannensu yana ɗauke da zubin a ɓoye. Mata da yawa sun sha zargi na zalunci saboda dangi ba su san wannan ba. Batun yawa kuwa, jinin rukunin O "recessive" ne, amma shi ya fi kowane rukuni yawa a Najeriya. Cindo, wato yatsa na shida, sau da yawa ta hanyar "dominant" ake gadonsa, amma mafi yawan mutane yatsu biyar gare su. Kuma cindo yakan tsallake ɗa ya fito a jika, wanda shi ne abin da suke nufi idan suka ce "penetrance" bai cika ba: mutum ya gaji zubin, siffar ba ta fito ba.

Mataki na huɗu: nemi kishiyarta

Kalmomin wannan fanni ba su cika tafiya su kaɗai ba. Kowace tana da kishiya, kuma kishiyar kan tona asirinta. Duba jadawali ko hoton da ke cikin takardar ka ga da me aka kwatanta kalmarka. Idan ka ga "wild type" a gefe ɗaya, "mutant" a ɗaya gefen, ka san ba maganar dabbar daji ake ba. Ana nufin zubin da aka ɗauka a matsayin na asali, wanda ake auna sauran da shi, ko da ɓeran bai taɓa fita daga keji ba. Idan "germline" ce, kishiyarta "somatic": canji na farko yana cikin ƙwan mace ko maniyyi, 'ya'ya za su iya gadonsa, na biyu ya faru ne a wani sashen jiki kamar ƙarin daji, ya tsaya a kan mai shi.

Da wannan dabarar muka kama "novel". Kishiyarta a irin wannan rubutu ita ce abin da aka riga aka ba da rahotonsa. Wato sabo ne a wurin masu bincike, ba a taɓa rubuta shi ba, alhali yana iya yin shekara dubu yana yawo a cikin zuriya. Wannan ya shafe mu sosai, domin mafi yawan mutanen da aka karanta DNA ɗinsu 'yan asalin Turai ne, sai abin da yake gama-gari a Filato ko Kano ya zama baƙo a rumbunan bayanai. Idan kuwa marubuci yana son ya ce canjin ya fara ne a kan yaron, babu shi a jinin uwa ko uba, wata kalma yake amfani da ita ta Latin, "de novo". Ka rarrabe su da kyau.

Mataki na biyar: da me aka auna

Akwai sashe a kowace maƙala da ɗalibai ke tsallakewa, wanda ake bayanin kayan aiki da hanyoyin gwaji. Kada ka tsallake shi. Ma'anar kalma a wurin masanin kimiyya tana ɗaure da abin da ya auna. Idan ya ce aikin HBB ya ragu, RNA ya ƙirga ko furotin? Ba kullum suke tafiya tare ba.

Anan ne za ka warware "significant". A bakin kowa tana nufin mai muhimmanci. A takardar bincike hukunci ne na lissafi. Tambayar da ake yi ita ce: da a ce babu wani bambanci na gaskiya tsakanin rukunin biyu, sau nawa dace kawai zai haifar da sakamako irin wannan ko fiye da shi? Idan amsar ta gaza 5 cikin 100, abin da suke rubutawa 0.05, sai a ce an tsallake ƙa'ida. Masu binciken da ke laluben DNA ɗungurungum sukan tsananta ƙa'idar har zuwa 5 cikin miliyan 100, saboda yawan wuraren da suke gwadawa lokaci ɗaya. Don haka abu zai iya tsallake ƙa'idar amma ya kasance ƙanƙani da ba zai amfani marar lafiya da komai ba. Wani kuma ya kasa tsallakewa don kawai mutanen da aka gwada ba su da yawa. Wanda ya fassara ƙarshen jimlarmu da cewa bambancin ba shi da muhimmanci ya sa wa marubuci magana a baki. Haka nan "associated with" tafiya tare take nufi, ba ta ce wannan ne ya haddasa wancan ba.

Manomi ma yana da rabonsa a wannan mataki. Waken SAMPEA 20-T da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta samar, aka amince da shi a 2019, ana kiransa "resistant". Tambayi da me aka gwada shi: da tsutsar Maruca mai huda kwanson wake. Ita yake jurewa. Sauran kwari suna nan, feshi bai ƙare gaba ɗaya ba. Idan mai fassara ya ce wake ne da kwari ba sa ci, ya cuci manomi.

Mataki na shida: fasa doguwar kalma, ka kuma dubi rubutun suna

Dogayen kalmomin suna da sauƙi, domin harhaɗa su aka yi daga Girkanci da Latin. "Homo" iri ɗaya, "hetero" iri daban, shi ya sa AA da SS suke "homozygous", AS kuma "heterozygous". "Poly" da yawa, "tetra" huɗu. Dankalin Turawa da ake lodinsa daga Bokkos zuwa kasuwannin Jos "tetraploid" ne, zubi huɗu na kuromosom 12, jimla 48. Kalmar da ta ƙare da "ase" galibi sunan furotin ne mai saurin da wani aiki, mai ƙarewa da "emia" kuma jini ta shafa. Ka haddace guda ashirin irin waɗannan, za su buɗe maka ɗaruruwa.

Sunayen ƙwayoyin gado kuwa suna da nasu ladabi. Idan aka karkata haruffan, ƙwayar gadon ake nufi, idan suna tsaye, furotin ɗinta. Na ɗan Adam duk manyan baƙaƙe ne, na ɓera harafin farko kaɗai ne babba. Sannan sau da yawa sunan yana fitowa ne daga abin da ke faruwa idan ƙwayar ta lalace. A 1910 Thomas Hunt Morgan ya ga wani ƙudan 'ya'yan itace mai farin ido a ɗakin gwajinsa a birnin New York, aka raɗa wa ƙwayar gadon suna "white", alhali aikinta idan tana lafiya shi ne taimaka wa ido ya yi ja. Haka BRCA1 da ake cewa ƙwayar gadon sankarar mama: kowa yana da ita, mace da namiji, aikinta gyaran DNA ne, sai ta samu naƙasa haɗari yake ƙaruwa. HBB ma kowa yana da ita, zubin ne ya bambanta.

Lambobi ma sukan ruɗa. Canjin sikila tsofaffin littattafai suna rubuta shi Glu6Val, sababbin rumbunan bayanai kuma Glu7Val. Abu ɗaya ne. Na biyun sun fara ƙirga ne daga amino asid na farko da sel ke cirewa daga sarƙar.

Mataki na bakwai: yanzu ka buɗe kamus, amma na fanni

Da gangan na jinkirta wannan. Wanda ya je kamus da zato a hannunsa zai gane amsar da ta dace idan ya gan ta, wanda ya je hannu rabbana kuwa ma'anar farko zai ɗauka. Fara da ƙarshen littafin karatunka, inda ake jera kalmomin fanni. A intanet, MedlinePlus yana da bayani cikin sauƙin Turanci. OMIM, wanda Victor McKusick ya fara a matsayin littafi a 1966, yana tattara abin da aka sani kan ƙwayoyin gado da cututtukansu. Sannan ka rubuta kalmar tare da maƙwabciyarta a PubMed, rumbun laluben maƙalun kimiyyar lafiya, ka karanta jimloli biyar ko shida na marubuta daban-daban. Yadda yaro ke koyon harshe ke nan, da jin kalma a bakuna da yawa. In har yanzu da sauran duhu, ɗauki jimlar cikakkiya, ba kalmar kaɗai ba, ka kai wa malaminka ko wani ma'aikacin ɗakin gwaji. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na takwas: faɗe ta da Hausa, ba tare da kalmar ba

Rufe takardar ka yi wa wani bayani, wanda bai yi boko mai zurfi ba, ba tare da ka furta kalmar Turancin ba. In ka kasa, koma mataki na uku. A nan za ka ci karo da wata matsala tamu: a rediyo da jaridu ƙwayar halitta tana nufin sel yau, gobe DNA, jibi ƙwayar gado. Zaɓi kalma ɗaya ga kowane abu, ka bayyana ta a farkon rubutunka, ka tsaya a kanta har ƙarshe. Wata kalmar aro ya fi dacewa da ita, kamar furotin da kuromosom. Wata sai an ƙera mata suna. Wata kuwa ba ta da mafita sai jimla guda, kuma babu laifi a hakan.

Kalmar da ta fi tsaya mini a rai ita ce "carrier". Idan aka ce mai ɗauke da cutar sikila, mai sauraro zai ji kamar tarin fuka ne da ake ɗauka a numfashi, ko kuma ya ɗauka mai AS marar lafiya ne. Na san yarinyar da aka fasa aurenta da saurayi mai AA saboda wannan fahimta, alhali AS da AA ba sa haifar SS. Haɗarin yana ga AS da AS, inda kowane ciki yake da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Kowane ciki, da kansa. Ba wai cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ya kamu ba, ba kuma wai in na fari ya kamu sauran ukun sun tsira ba. Ni nakan ce mai zubi ɗaya na sikila, lafiyarsa lau, amma zai iya gadar wa 'ya'yansa. Ta fi tsawo, amma ba ta raba aure a banza.

Kafin la'asar ɗiyata ta buɗe sabon shafi a littafinta ta raba shi gida uku: kalmar, jimlar da ta same ta a ciki, da bayaninta da Hausa. Na ba ta jimlar da na ƙera na ce ta gwada. Ta yi rubutu ta soke, ta sake, sannan ta karanto mini: "A jikin mutanen da suka gaji zubi ɗaya na wannan canji, wanda ba a taɓa ba da rahotonsa ba, abin da ƙwayar gado ta HBB ke samarwa ya ragu, sai dai ragin bai kai yadda lissafi zai kore yiwuwar dace ba."

Ta ɗago kai ta ce, "Kawu, to RNA suka auna ko furotin?" Na miƙa mata takardunta na ce ta buɗe sashen hanyoyin gwaji na tata maƙalar, ta yi wa marubutanta wannan tambayar.